Jinjina ga masu binne alama a ƙarƙashin ƙasa

Kafin a mayar da ƙasa kan bututun ruwa ko wayar lantarki, akwai ma'aikacin da ke durƙusawa ya ajiye ɗan ƙwallon roba daidai mahaɗa. Shi nake jinjina wa. Ƙwallon ba shi da batir. Na'urar bincike ce ke kiransa daga sama ya amsa, ko yana zurfin mita 1.5. Na kamfanin 3M launi ke bambanta su: shuɗi na ruwa, ja na lantarki, rawaya na gas. Bayan shekaru mai gyara zai haƙa wuri guda, ba lalube, bare diga ta sari waya mai wuta. Hukumomin ruwa da na lantarki, don Allah ku sa wannan aiki cikin kowace kwangila.