Tsufa da Yanke Hukunci a Wasan King Lear: Gigin Tsufa ko Gigin Mulki?

Gabatarwa

Bahaushe yana da baki biyu game da tsoho. A wani ƙaulin ya ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba. A wani kuma, da zarar dattijo ya yanke hukuncin da bai gamshi 'ya'yansa ba, sai a ce gigin tsufa ne. Wannan maƙala za ta auna maganganun biyu a kan tauraron wasan King Lear, wanda Shekisfiya ya rubuta wajen 1605 zuwa 1606, aka kuma fara buga shi a 1608. Manufa ita ce a tantance rabon da tsufa ya ɗauka a cikin faɗuwar Sarki Liya, da rabon da aka ɗora masa bisa zalunci.

Hukuncin Farko

Liya, sarkin Birtaniya, ya haura shekara 80. Ya ƙudura raba ƙasarsa ga 'ya'yansa mata uku, Gonaril da Rigan da auta Kodeliya, bisa sharaɗin kowace ta bayyana yawan son da take yi masa. Manyan biyu suka cika shi da daɗin baki, autar ta ƙi yin ƙari a kan gaskiya, sai ya yafe ta, ya kuma kori Kent, bafaden da ya nemi ya tausa shi.

Abin lura a nan shi ne, tun kafin a fara gwajin an riga an shata rabon, kuma kaso mafi albarka an tanade shi ga Kodeliya, wadda sarkin ya yi niyyar ƙarasa rayuwarsa a hannunta. Ke nan bai yi tambayar don neman bayanin da zai taimaka masa wajen rabo ba. Abin da yake nema shi ne ya ji da kunnensa cewa za a ci gaba da son sa bayan ya sauke rawani.

Wannan hali ya dace da binciken Laura Carstensen ta Jami'ar Stanford, wadda tun farkon shekarun 1990 ta nuna cewa idan mutum ya ga sauran lokacinsa ya taƙaita, yakan fifita abin da zai sanyaya masa zuciya a kan neman sabon sani. Daga baya ita da abokan aikinta sun gano cewa tsofaffi sun fi matasa karkata hankali ga labari mai daɗi. Ta wannan fuska, hannun tsufa a bayyane yake a fitowa ta farko: zaƙin bakin Gonaril ya shiga, gaskiyar Kodeliya ta kasa samun ƙofa.

Inda Tsufa Ba Shi da Laifi

Sai dai binciken nan ya nuna wani abu da ya saɓa wa halin Liya, wato akasarin masu shekaru sun fi matasa iya danne fushi da kauce wa husuma. To, daga ina guguwar fushin sarkin ta taso? Marubucin ya sa amsar a bakin maƙiyansa. A ƙarshen fitowa ta farko, Gonaril da Rigan sun fara jingina abin da ya faru ga tsufa, amma nan take suka yarda cewa mahaifinsu bai taɓa sanin kansa sosai ba, kuma ko a zamanin ƙarfinsa mai gaggawa ne. Mutumin da ya shafe shekaru ba a taɓa ce masa a'a ba, ranar da ya fara jin ta dole ta zame masa tamkar tawaye. Wannan gigin mulki ne, tsufa ya tarar da shi a wurin.

Haka kuma, tun 1963 Raymond Cattell ya bambanta basira iri biyu: saurin warware baƙuwar matsala, wanda yakan ragu da shekaru, da tarin sanin duniya, wanda yakan dore har cikin tsufa. Liya ya gaza a ta farko, domin cijewar Kodeliya baƙon abu ce da bai shirya mata ba, ya kuwa yanke hukunci cikin ƙiftawar ido. Amma a kashi na 3, yana tsaye cikin hadari, ya tuna da talakawan da ba su da sutura ko makwanci, ya amsa cewa ya yi sakaci da su. A kashi na 4 ya fallasa yadda tufafin alfarma kan rufe laifin mai dukiya a gaban alƙali. An sami likitocin da suka fassara halinsa da cutar mantuwa, amma ya kamata a lura cewa bayan ya sami barci da kulawa ya farfaɗo, ya gane Kodeliya, ya nemi gafararta.

Tsufa a Matsayin Makami

Babban abin takaici a wasan shi ne yadda kalmar tsufa ta zama sanda a hannun magada. Liya ya riƙe barade 100 domin su zame masa alamar girma. Gonaril ta mayar da su 50, Rigan ta ce 25, daga ƙarshe aka tambaye shi amfanin ko da guda ɗaya. A cikin wannan ciniki hujjar da aka kafa ita ce ya tsufa, ya kamata ya bari waɗanda suka fi shi sanin halinsa su ja ragamarsa. Kuskure guda da ya yi shi ya zama lasisin raba shi da duk wani haƙƙi.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata, za a ga cewa tsufa ya sauya abin da Liya yake nema, ya kuma rage masa ƙarfin tunkarar abin ba-zata, amma bai kashe masa hankali ba. Abin da ya rasa shi ne jinkiri kafin hukunci da mashawarcin da zai saurara, alhali ga Kent a gabansa. Saboda haka, duk manazarcin da ya taƙaita jigon wasan a kan gigin tsufa ya ɗauki hujjar Gonaril da Rigan ne, ya bar abin da wasan kansa ya nuna.