Jinjina ga masu karanta fuskar dalar azurfa

A idon mafi yawanmu, dalar Morgan ta azurfa, wadda Amurka ta buga daga 1878 zuwa 1904 ta sake bugawa a 1921, duk ɗaya ce. Su kuwa masu nazarinta, da madubin ƙara girma a hannu, suna gane wane hatimin ƙarfe ya buga kowace.

Leroy Van Allen da George Mallis ne suka share wannan hanya. Sun tattara bambance-bambancen hatimai suka ba kowane lamba, daga haruffan farko na sunayensu ne ake kiran tsarin VAM. Dalar farko ta 1878 gaggafar da ke jikinta na da gashin wutsiya 8, daga baya aka mayar 7, har akwai waɗanda 7 ɗin ya hau kan 8. Wata ta 1888 daga New Orleans leɓen matar da ke jikinta ya fito biyu. A wata ta 1900, harafin O na New Orleans ya danne CC na Carson City, domin an sake amfani da tsohon hatimi.

Haƙurinsu ya kare masu saye daga jabu, ya kuma adana tarihin gidajen buga kuɗi. Sun cancanci yabo.