Tsofaffin Kwamfutoci a Dandalin Sada Zumunta

A 1982 aka fito da Commodore 64 a Amurka da ZX Spectrum a Ingila. Kwamfutoci ne na gida, ana jona su da talabijin, ana loda musu wasanni daga kaset. Kilobait 64 kacal ke cikin ƙwaƙwalwar Commodore, hoto guda na wayar yau ma ya fi ƙarfinta. Duk da haka akwai masu kwana kan teburi da waya da dalma don su ga sun shigar da waɗannan na'urori dandalin sada zumunta, cikinsu har da samarin da ba a haifa ba lokacin da kamfanin Commodore ya durƙushe a 1994.

Ana yawan cewa kewar ƙuruciya ce ke sa su. Ga masu furfura, haka ne. To ɗan shekara ashirin fa, kewar me zai yi? A ganina abin da ke jan sa shi ne samun na'urar da mutum ɗaya zai iya saninta ciki da bai. Yana kunnawa sai BASIC, yaren ba kwamfuta umarni, ya fito yana jiran sa, ba wani asusu da zai buɗe, ba talla. Wayar da ke aljihunsa ba ta taɓa ba shi wannan dama ba.

Tun a 2009 Johan Van den Brande, ɗan ƙasar Beljiyam, ya rubuta BREADBOX64, manhajar da ta sa Commodore 64 ke karanta saƙonnin Twitter, a kan tsarin Contiki na Adam Dunkels. Layin allon haruffa 40 yake ɗauka, saƙo kuwa 140 ne a lokacin, layi huɗu ya ishe shi. Wahalar tana wajen kulle-kullen tsaro da shafukan yau suke bukata, domin lissafinsu ya yi wa injin mai gudun megahaz ɗaya nauyi. Shi ya sa aka ƙera irin su FujiNet, wadda aka fara yi wa kwamfutocin Atari: cikinta akwai ƙanƙanin inji mai suna ESP32 da ya ninka kwamfutar gudu nesa ba kusa ba, shi ke magana da intanet, kamar jika mai karanta wa kakansa wasiƙa. Wasu tsoffin hannu suna ganin ha'inci ne. Ni ban yarda ba, tunda yaron da ya haɗa wannan da hannunsa ya san hanyar da kowane harafi ya bi.

Damuwata tana wani wuri. A 2020 Dominic Pajak ya kafa BBC Micro Bot: ka aika gajeren shirin BASIC a Twitter, a gudanar da shi a kwaikwayon BBC Micro ta 1981, a mayar maka da bidiyon sakamakon. Mutane suka riƙa zana abubuwan mamaki cikin haruffa 280. A 2023 Twitter ta rufe ƙofar kyauta da irin waɗannan ayyuka ke bi, yau a dandalin Mastodon ake samun wannan aiki. Na'urar da ta haura shekara arba'in tana nan tana aiki, amma dandalin da aka jona ta da shi yakan sauya doka dare ɗaya, ba tare da ya shawarci kowa ba.