Sharhi a Kan Ra'ayin Yafe wa Zinariya Haraji: Me Zai Amfana wa Mutanen Ƙasar Kazaure?

Manufarmu a wannan takarda ita ce mu auna ra'ayin da ke cewa a ɗauke wa zinariya harajin ciniki, mu ga yadda zai sauka a kan mutanen Kazaure da Babura da Roni da Gwiwa.

Nijeriya ta kafa harajin ciniki a 1986. Dokar soja mai lamba 102 ta 1993 ta maye gurbinsa da harajin kayayyaki da ake kira VAT, a kan kashi 5 cikin ɗari, sannan aka ɗaga shi zuwa kashi 7.5 a 2020. Dokar ta 1993 ta keɓe magunguna da abincin yau da kullum da littattafai, amma ba ta ambaci zinariya ba.

Hujjar masu neman yafewa ita ce zinariya ajiya ce, ba abin ci ko sha ba, kuma wanda ya canja naira ya karɓi zinariya bai ci komai ba, balle a ce ya biya kuɗin ci. Wannan hujja tana da ƙarfi. Dalar Amurka da gwamnati ke sayarwa kusan naira 460 a farkon 2023 ta haura naira 1,500 a 2024. Wanda ya ajiye takarda ya yi asara, wanda ya ajiye gwal ya tsira.

Inda muka saɓa da su shi ne misalin da suke kafa hujja da shi. Daga shekarar 2000 Tarayyar Turai ta yafe harajin ga sandar zinariya wadda tsarkinta ya kai kashi 995 cikin dubu, da tsabar zinariya mai kashi 900 wadda aka buga bayan 1800. Kayan ado ba su shiga ba. To, wane ne ke ajiye sandar zinariya a Gwiwa ko Roni? A nan dukiyar mata tana cikin sarƙa da 'yan kunne da zobe, waɗanda suka zo cikin lefe ko aka saya da kuɗin adashi. Ranar da ciwo ya kama yaro, ko taki ya gagara, su ake kaiwa kasuwa. Idan aka kwafo dokar Turai yadda take, attajiri ne zai huta, matar ƙauye ta ci gaba da biya. Kura da shan bugu ke nan, gardi da amsar kuɗi.

Tarihinmu ma bai raba ado da ajiya ba. Dalar azurfa ta Mariya Tarisa, mai ɗauke da shekarar 1780, ta yi yawo a kasuwannin ƙasar Hausa a ƙarni na 19, maƙeran farfaru kuwa suna narka ta su ƙera awarwaro. Haka nan malamanmu suna auna nisabin zakka da dinari 20, wato kimanin giram 85, mafi ƙarancin sadaki kuma da rubu'in dinari. Nauyi ake dubawa a wannan awo.

Akwai kuma batun iyaka. Babura tana maƙwabtaka da Jamhuriyar Nijar, kuma zinariyar miliyoyin naira ba ta cika aljihu ba. Haraji mai nauyi a kan irin wannan haja ba ya shiga baitulmali, sai dai ya kori ciniki zuwa bayan fage, inda babu rasit kuma babu mai gwada tsarki.

A taƙaice, shawararmu ita ce, in za a yafe, a yafe bisa nauyi da tsarkin zinariyar, ko sanda ce ko sarƙa, a bar haraji a kan ladan ƙira kaɗai. Wannan kuwa ba zai yiwu ba sai an samar da wuraren gwaji da hatimi kusa da jama'a, domin wadda ta sayi gwal a Kazaure ta san abin da ta riƙe.