Koren Markaɗe Ba Ayaba

Ayaba tana rufa wa mai bilenda asiri. Ko wanda bai taɓa shiga kicin ba, in ya jefa nunannun ayaba biyu da ɗan ganye da ruwa ya danna, abin da zai fito zai shawu. Ita ke ba markaɗen kauri, ita ke sa zaƙi, ita ce kuma ke danne ɗacin ganye da gafinsa har mai sha ya manta akwai ganye a ciki. Aiki uku ke nan a cikin ɓawo guda. Shi ya sa duk lokacin da na sha koren markaɗe mai kauri da santsi, aka ce mini babu ayaba a ciki, nakan so in san hannun da ya haɗa shi, don na san mai hannun ta san kayan lambu ciki da waje.

Abin shan nan baƙo ne, daga Amurka ya zo. A can wani mai suna Stephen Poplawski ya ƙera bilenda a 1922, don kaɗa madara a shagunan sayar da abin sha. Markaɗa ɗanyen ganye da 'ya'yan itace a sha kuwa ya bazu ne bayan wata 'yar asalin Rasha mazauniyar Amurka, Victoria Boutenko, ta fitar da littafinta Green for Life a 2005. Hujjarta mai sauƙi ce: mutane ba sa iya tauna ɗanyen ganye da yawa, amma in an markaɗa shi da abu mai zaƙi sai su shanye ba tare da yamutsa fuska ba. Ta ba da awo na kashi 60 na 'ya'yan itace, kashi 40 na ganye. Tun daga nan, da wuya ka ga haɗin da ba a fara shi da ayaba ba.

Masu cire ta suna da dalilansu. Wani ƙanshinta ne ba ya so, kuma gaskiya ne, ayaba ɗaya takan mamaye kofi har ka kasa jin mangwaron da ke ciki. Wani jikinsa ne ba ya karɓarta, da ya ci sai ƙaiƙayin baki da maƙogwaro. A 2023 kuma masu bincike na Jami'ar Kalifoniya da ke Davis sun buga wani gwaji a mujallar Food & Function. Sinadarin da ke sa yankakkiyar ayaba ta yi baƙi, shi ne kuma ke lalata wasu sinadarai masu amfani ga zuciya da ake samu a kokon cakulan da inabi da tuffa. Waɗanda suka sha markaɗe mai ayaba, abin da ya isa jininsu na waɗannan sinadarai ya ragu da kashi 84 cikin ɗari. Mutanen da aka gwada ba su da yawa, kuma babu wanda ya ce ayaba ta zama abin gudu, amma masu binciken sun nuna abarba da lemu da mangwaro da yogot ba su da wannan ɓarnar sosai. A arewa kuma akwai dalilin da ya fi waɗannan kusa da aljihu. Yawancin ayabar da ke kasuwar 'Yan Lemo ta Na'ibawa a Kano daga kudu take hawowa a mota, da kuɗin mai a kanta, ga shi in zafin bazara ya kama, kwana biyu ta yi yawa ta lugwigwice.

To, gwanar markaɗe abin da take yi shi ne ta raba wa wasu aikin nan uku, kowa ya ɗauki wanda ya iya. Mafi wuya shi ne kauri, kuma a nan ake gane wadda ta ƙware.

Ruwa da ganye kaɗai ba sa haɗuwa. Ka markaɗa alayyahu da kankana ka ajiye minti biyar, za ka ga tsinkakken ruwa a ƙasa, koren kumfa na yawo a sama. Dole a sami abin da zai riƙe su wuri guda. Daga watan Maris zuwa farkon damina, mangwaro ya wadatar da wannan, amma ba kowane ba. Ɗan ƙaramin nan mai zare na tsotsa ne, in ya shiga bilenda zarensa ya naɗe wuƙa, ya kuma tsaya wa mai sha a haƙori. Mai aure ake nema, mai tsoka, wanda ya nuna har yana ɗan lotsawa in an danna. Gwanar takan fere shi ta yanka ƙanana ta sa a firiza tun dare in an samu wuta, domin daskararren mangwaro yana ba da sanyi da kauri lokaci guda. Ƙanƙara kuwa sanyi kawai take bayarwa, tana narkewa ta tsinka komai.

In mangwaro ya wuce, sai fiya, wadda ke saukowa daga Jos da Mambila. Rabin guda ɗaya ya ishi kofi biyu. Ba ta da zaƙi ko kaɗan, amma tana da maiƙo, kuma maiƙon yana yin abu biyu: yana sa markaɗen ya yi laushi a harshe, yana kuma taimakon jiki ya tsotse bitamin A da K da ke cikin ganyen, tunda waɗannan sai da mai suke narkewa. Sai dai a nan akwai tarkon da masu sauri ke faɗawa. Wanda likita ya hana wa ayaba saboda ciwon ƙoda, don gudun sinadarin fotasiyam, in ya koma fiya bai tsira ba, domin giram ɗari na fiya ya fi giram ɗari na ayaba fotasiyam, kusan miligiram 485 ga 358. Haka wanda jikinsa ba ya jituwa da robar safar hannu ta asibiti, sau da yawa ayaba da fiya duk suna tayar masa. Mai sayarwar da ta san aikinta takan tambayi mai saye, "Hajiya, ba kya sonta ne, ko hana ki aka yi?" Amsar ce ke gaya mata abin da za ta zuba.

Ni dai wanda ya fi burge ni cikin masu ba da kauri shi ne wanda ba a sauke shi daga kowace mota ba, wato garin 'ya'yan kuka, wanda ake kwalba da nono da shi. Duk wanda ya taɓa jiƙa shi ya san yadda yake kama ruwa ya yi kauri da kansa. Cokali ɗaya ko biyu a kofin markaɗe sun isa su hana shi rabuwa, su kuma kawo ɗan tsami mai daɗi wanda ke yanke gafin ganye. Yana da bitamin C mai yawa, kuma bitamin C yana taimaka wa jiki ya ɗauki sinadarin ƙarfe na ganye, wanda a karan kansa ba ya shiga jini da sauƙi. Sai a 2008 Tarayyar Turai ta amince a sayar da wannan gari a kasuwanninta a matsayin sabon abinci, yanzu ana zuba shi a 'yan ledoji masu tsada don irin wannan markaɗen. A kasuwar Dawanau kuwa da mudu ake aunawa. Sharaɗinsa ɗaya, a tankaɗe shi sosai, a kuma jiƙa shi kafin ya shiga bilenda, in ba haka ba a ji shi kamar rairayi.

Akwai wasu masu taimako da ba a cika tunawa da su ba. Dafaffen dankalin Hausa, musamman mai jan ciki, in ya huce yana ba da kauri da zaƙi tare. Gwanda tana yi, kindirmo yana yi, haka cokali guda na niƙaƙƙiyar gyaɗa irin ta kunu. Maimakon ruwa zalla, tataccen ruwan aya ya fi komai, domin ya zo da nasa gardin. Ban ga laifin ɓallo ɗan gutsuren fura a jefa ba, tunda masu fura da nono da dama sun riga sun koma damawa da bilenda; gero ya kawo jiki, citta da kanumfarin da ke ciki su kawo ƙanshi. Amma gutsure na ce. In ta yi yawa, fura aka dama da ganye, wannan kuma wani abu ne dabam.

Zaƙi ba ya buƙatar dogon bayani. Dabino uku ko huɗu a cire ƙwallo, a jiƙa a ruwan ɗumi har su yi laushi, a zuba har da ruwan jiƙon. Busasshen dabinon da ke zuwa ta Nijar in ba a jiƙa shi ba, bilenda sai dai ta yi ta jifa da shi. Abarba nunanniya ko zuma kaɗan su ma sun isa. Mai zuba sukari cokali uku a kan ganye ya yi wahalar banza.

Saura ganyen kansa, kuma a nan ne rashin ayaba ke tona asiri, don babu mai ɓoye ɗaci. Zogale shi ne abin alfaharinmu, amma ɗanyensa yana da yaji-yaji da ɗaci a baya-baya, ba kamar wanda aka dafa aka kwaɗa da ƙuliƙuli ba. Gwanar takan tsinke masu taushi na kan reshe, ta zare duk wani ɗan sili, kuma ba ta wuce ƙaramin damƙi guda ga kofi biyu. In gari ne, cokalin shayi ɗaya ya isa. Latas da kokwamba ba su da faɗa, su ake sa wa mai koyon sha. Na'a-na'a ganye biyar sukan sauya kofi gaba ɗaya. Lansir yana da zafi, sai a yi masa kaɗan-kaɗan. Alayyahu kuwa yana ɗauke da sinadarin da ke taimaka wa tsakuwar ƙoda taruwa ga masu saurin kamuwa da ita, don haka mai lura takan tsoma shi a tafasasshen ruwa na minti ɗaya, ta tsame ta jefa a ruwan sanyi, ta zubar da ruwan farko. Hakan yana rage sinadarin, yana kashe gafi, koren ma ya ƙara fitowa. Shuwaka a bar wa miya. Ganyen rogo kuwa ɗanyensa guba ne, ba ya kusantar bilenda ko da wasa. Mai shan maganin tsinka jini irin su warfarin kuma ya shawarci likitansa kafin ya mai da ganye abin shan kullum, saboda bitamin K.

In duk da haka ɗaci ya leƙo, mai koyo yakan ƙara zaƙi, gwanar kuma ta ɗauki gishiri. Ɗan abin da yatsa biyu za su tsakura, ba don a ji shi ba, don gishiri yana dakushe ɗaci a harshe. Sai matsin rabin lemun tsami da ɗanyar citta kamar kan ɗan yatsa. Tana ɗanɗanawa tana gyarawa, domin mangwaron yau ba na jiya ba ne, zogalen damina ba na rani ba ne. Wannan ne ya sa awon da ke rubuce a takarda ba ya wadatarwa. Yadda mai dama fura ke gane ta yi daga nauyin ludayi a hannunta, haka ita ma take ganewa daga ƙarar injin da yadda markaɗen ke juyawa ya yi rami a tsakiya.

Har jerin zubawa yana da ƙa'ida. Ruwa da ganye su ake fara markaɗawa su kaɗai, har sai babu ɗigon kore ko ɗaya da ya rage a jikin kofin, sannan masu laushi su biyo, daskararru a ƙarshe. Ƙananan bilendojin da ke gidajenmu ba su da ƙarfin waɗanda ake gani a bidiyo, in an cusa musu komai lokaci guda sai ganyen ya fito guntu-guntu yana maƙalewa a wuya. Ba a kuma barin injin ya yi ta gudu, don yana ɗumama abin da ke ciki, ɗumin kuma yana tayar da gafi.

Launi ma sana'a ne, domin ido ke fara sha. Rawaya da kore suna jituwa, shi ya sa mangwaro da abarba ke fitar da kore mai haske. Ja da kore kuwa ruwan ƙasa suke haifarwa, don haka zoɓo ko jar kankana ko situroberin Jos, duk daɗinsu, in sun haɗu da alayyahu sai a ga kofi kamar an ɗebo daga kududdufi. Mai son su sai ta haƙura da koren, ko ta bar su wata rana.

Abu ɗaya da ba na yi wa kowa sassauci a kai shi ne wanki. Ganyen miya wuta ce ke tsarkake shi, wannan kuwa ɗanye zai shiga ciki, ga shi wasu lambunan bakin gari da ruwan kwata ake musu ban ruwa a lokacin rani. A wanke ganye ɗaya bayan ɗaya da ruwa mai tsabta, a jiƙa da gishiri ko ruwan khal, a sake ɗaurayewa. Ƙanƙarar da ba a san da wane ruwa aka yi ta ba, a sa ta a wajen kwalba ta sanyaya, kada ta shiga ciki.

Kuma ba a yin markaɗen a ajiye. Lemun tsamin da ya gyara ɗanɗano, in an daɗe shi ne ke dusashe koren ya koma kalar zaitun. Abarba da gwanda suna da sinadarin da ke narka furotin, wanda ya sa ake tausasa nama da su, in sun zauna da kindirmo ko madara na 'yan sa'o'i sai markaɗen ya koma ɗaci. Ruwan aya shi ma ba ya jure zafi. Shi ya sa a watan azumi masu yi wa gida ko masu sayarwa sukan wanke ganye, su yanka mangwaro, su jiƙa dabino da garin kuka tun bayan la'asar, amma ba sa kunna bilenda sai magariba ta kawo jiki, in babu wuta kuma a tayar da janareta na minti biyu.