"Sama Ce Iyakarka": Addu'ar da Aka Aro daga Turanci

Duk wanda ya taɓa zama ƙarƙashin rumfa a bikin yaye ɗalibai a Jalingo, daga makarantun Magami da Mayo Gwoi har Jami'ar Jihar Taraba da aka kafa a 2008, ya san maganar da babban baƙo kan rufe jawabinsa da ita: "the sky is your limit." A tafa, a miƙa kyauta, a ɗauki hoto.

A bakin Turawa maganar ba addu'a ba ce. Su cewa suke yi "the sky's the limit", wato abu ba shi da iyaka, kuma sukan faɗe ta a kan farashi, riba ko caca. Da ta shigo Nijeriya sai muka liƙa mata "your", muka nufi mutum da ita, ta koma sa albarka. Wannan sauyi ya burge ni, domin halinmu ne ya fito: ba ma sallamar yaro ba tare da mun sa masa albarka ba, ko da harshen aro ne. Wasu ma da suka ga kalmar iyaka ta yi musu ƙunci, yanzu cewa suke sama ce mafari.

Inda gizo ke saƙa shi ne wajen fassara. Na ga wani mai gabatarwa ya juya wa iyaye ita da cewa "sama ce iyakarka". Wata dattijuwa da ke kusa da ni, jikanta na riƙe da takardar sakamako, ta gyara mayafi ta ce, "Ɗan nan, wace irin iyaka kuma? Ai iyaka ta Allah ce."

Gaskiyarta. Sama a kunnen mai jin Hausa ba fili ba ne da ake tsere a cikinsa. Sammai bakwai ne, kuma suna da Mai su. Daga can ruwa ke sauka. Manomi kan ɗaga kai wajen duwatsun Kona ya ga ko hadari ya haɗo. Hatta a maganar yau da kullum, hawa sama ba kullum yabo ba ne: mai sama da faɗi da dukiyar jama'a ɓarawo ne, aikin sama-sama aikin ha'inci ne, kuma komai nisan jifa ƙasa zai faɗo. Yaya za a yi wa yaro fatan alheri da kalmar da ke ɗauke da wannan kaya?

Hausa ce ke haɗa Mumuye da Fulani da Jukun a kasuwar Jalingo, kuma Musulminsu da Kiristansu duk sun san "Allah ya ɗaukaka", "Allah ya sa a fi haka", "Allah ya sa gaba ta fi baya". Malamai da masu gabatarwa, idan baƙo ya yi tasa da Turanci, ku bar masa ita yadda ya faɗe ta. In kun juyo wajen iyaye, ku ce Allah ya ɗaukaka, za ku ji sun amsa da amin.