Baƙo Na Ashirin Da Shida: Nazari A Kan Fim Ɗin Dahomey

A cikin watan Nuwamba na 1892 rundunar Faransa, ƙarƙashin Alfred Dodds, ta shiga Abome, babban birnin daular Dahome. Sarki Behanzin ya sa wa fadarsa wuta kafin ya fice, amma abin da wuta ta rage sai sojoji suka kwashe. Daga cikin ganimar nan akwai karagun mulki, da ƙyamaren fada masu sassaƙa, da siffofin sarakuna uku na itace: Gezo, da Gelele mai kan zaki, da Behanzin mai jikin wani gawurtaccen kifin teku. Kayan suka ƙare a gidan ajiye kayan tarihi na Quai Branly a birnin Faris. Sai bayan shekara 129, watau a Nuwamba 2021, Faransa ta mayar wa Jamhuriyar Benin guda 26. Wannan komowa ita ce Mati Diop, 'yar asalin Senigal haihuwar Faris, ta bi da na'urar ɗaukar hoto, ta shirya fim mai suna Dahomey, wanda ya ci babbar lambar yabo ta bikin fina-finai na Barlin a 2024.

Abin da ya fi ba fim ɗin daraja shi ne bai yarda cewa an gama magana da zarar jirgi ya sauka a Kwatano ba. Mai kallo zai ga ma'aikata sanye da safar hannu suna kwantar da siffar Gezo cikin akwati. Sa'an nan sai na'urar ta shiga akwatin tare da shi, aka rufe murfi, duhu ya game allo, ba a jin kome sai ƙarar ƙusoshi. Daga cikin duhun nan ne siffar ta yi magana da harshen Fon, tana kiran kanta da lambar da aka liƙa mata, watau 26, tana fargabar ko ƙasar da ta bari za ta shaida ta. Lalle wannan dabara ta yi armashi, gama ta juya al'amarin: abin da aka daɗe ana kallo ta bayan gilashi, yanzu shi ne ya ke kallo. Hausawa sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi, to, ga wanda bai bari da son ransa ba, amma hukuncin karin maganar bai ƙyale shi ba.

Tun a 1953 Alain Resnais da Chris Marker suka yi wani fim a kan yadda sassaƙar Afirka ta ke mutuwa in an raba ta da masu ita, hukumar Faransa kuwa ta hana nuna shi shekaru da dama. Su sun tsaya ne a kan mutuwar. Diop ta ɗora tambaya ta gaba: in gawa ta komo gida, tashi za ta yi, ko kuwa sabon kabari aka yi mata? Gama a Kwatano ma cikin gilashi aka jera kayan, a fadar shugaban ƙasa, masana suna auna lafiyar itacen suna rubutawa, kamar yadda a ke yi a Faris. Harshen Hausa kansa ya nuna wuyar al'amarin. In aka ce gunki, an ba abin rai, an kuma jawo masa ƙyamar masu addini. In aka ce mutum-mutumi, an mai da shi abin kallo. In aka ce kayan tarihi, an binne shi da girmamawa. Kowane suna hukunci ne.

Kashi na biyu na fim ɗin muhawara ce ta ɗaliban Jami'ar Abome-Kalabi, a nan ne kuwa ya fi ƙarfi. Wasu suna ganin komowar nasara ce. Wasu sun ce cin fuska ne a ba da 26 alhali dubbai suna can. Wasu sun zargi shugabannin ƙasashen biyu da neman suna, wasu kuma suka koka da cewa da harshen wanda ya kwashe kayan su ke muhawara a kansu. Diop ba ta raba gardamar ba, ba ta kuma kawo wani shehin malami ya yanke hukunci ba. Da haka ta nuna cewa tunawar al'umma ba a cikin itace ta ke ba, tana bakin masu rai ne sa'ad da su ke jayayya.

Amma fa akwai inda aikin ya gaza. Gezo, wanda ya yi sarauta daga 1818 zuwa 1858, sarkin yaƙi ne, arzikinsa kuma ya dogara ƙwarai ga sayar da bayi ta tashar Wida. Shi ne ya kai wa Abekuta hari a 1851. Muryar da fim ɗin ya ba siffarsa murya ce ta wanda aka zalunta, mai begen gida, har duhun akwatin yana tuna wa mai kallo cikin jirgin bayi. Ko da ya ke Makenzy Orcel, marubucin da ya tsara kalmomin, ɗan Haiti ne, ƙasar da aka kai dubban mutanen wannan gaɓa a ɗaure, fim ɗin bai tsaya sosai ya sa sarki ya fuskanci waɗanda fadarsa ta sayar ba. Minti 68 ne tsawonsa, da akwai wurin da za a yi haka.

Wannan gibi ba ƙarami ba ne, domin 'yantar da tarihi daga hannun Turawa ba ya nufin miƙa shi ga sarakuna su kaɗai. Jikan wanda aka kama a yaƙi yana da haƙƙi a kan karagar nan daidai da jikan wanda ya hau ta. Duk da haka fim ɗin ya cancanci yabo, gama ya bar ƙofar a buɗe, ya kuma sa ɗalibai a bakinta. Faransa ta mayar da itace da ƙarfe. Sunan da za a kira su da shi, wannan aikin mutanen Benin ne.